Gwajin Maigadi

Shekara talatin ina ɗinka yunifom na makarantu da asibitoci, ba abin da nake tsoro sai gobara, har ranar da maƙwabcinmu mai buga takardu ya shigo shagona ya zube a benci. Ɓarayin intanet sun kulle masa kwamfutoci, aikin shekara goma ya tafi.

Auta, 'yata mai kula da ofis, ta ja ni gefe. "Baba, awon mutum dubu huɗu da zanen bajin kowace makaranta duk suna cikin kwamfuta ɗaya. In aka kulle ta, teloli ashirin za su zauna suna kallon juna. Mu ɗauki kamfanin tsaro."

Biyu suka zo. Na farko surukina ne ya kawo shi, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, sanye da kwat, ya haska mana hotuna a bango har na fara gyangyaɗi. Teloli suka sa masa suna Mai Kwat. Ta biyu mace ce mai tabarau, maganarta ba yawa. Tana shiga ta ɓamɓare takardar lambar sirri da na manna a jikin kwamfuta, ta miƙo min. "Baba, ka bar mabuɗi a jikin ƙofa." Raina bai so ba, a gaban ma'aikatana. Muka ba kowannensu mako ɗaya na gwaji.

Karatuna bai wuce rubuta awo ba, amma masu gadin da na ɗauka a rayuwata sun fi goma. Gwajina ɗaya ne: in tura wani ya ce maigida ya aiko a buɗe sito. Wanda ya buɗe, ranar zai kama gabansa.

A makon Mai Kwat na tsallaka titi wajen abokina makanike, na ari wayarsa. Na ce ni ne mai shago, wayata ta ɓace, a turo min sabuwar lambar sirri a wannan layin. Kafin makanike ya gama wanke hannu ta iso, har da "Allah ya maida alheri, ranka ya daɗe."

Mako na zagayowa na koma na kira Mai Tabarau, na faɗi abin da na faɗa wa wancan.

"Baba, muryar taka ce, amma ba zan tura ba. Murya ma ana kwaikwayonta yanzu."

"'Yar nan, shagonki ne ko nawa?"

"Naka ne. Shi ya sa."

Na ɗaga murya, na ce aikin ma na fasa, gobe kada in ga ƙafarta. Makanike ya juya baya yana danne dariya.

"To, Baba. Bari dai in gwada layin da ka rubuta mana da hannunka."

Sai aljihuna ya ɗauki ƙara.

Ta jiyo ƙarar ta wayar makanike, ta ce, "An tsinto ta ke nan? Barka."

Da na koma shago Auta na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, don ita ma an kira ta an tambaya ko lafiya nake. "Baba, gwajin maigadi ka yi wa mutane?"

Na ce ta kawo takardar kwangilar Mai Tabarau in sa hannu. Surukina ya yi kwana biyu yana gaishe ni a tsaitsaye, ya gaji ya bari.

Yau wata takwas. Sau biyu ana aiko wa Auta saƙon bogi da sunana, sau biyu Mai Tabarau tana tare shi tun a hanya. Kekunan ɗinki ba su tsaya ba ko na wuni ɗaya. Na rasa da me zan gode mata, sai na zauna da kaina na ɗinka wa ma'aikatanta shida riguna. Da na nemi awonsu ta waya, ta ce sai ta kira layina tukuna.