Jan Farce a Hannun Agogo

Wata ƙara ce ta katse wa Tela ɗinki bayan cin abincin dare, kamar akuya mai mura tana ƙoƙarin kuka. Sai da ya leƙa ya gane hon ɗin tsohuwar motar maƙwabcinsa ne, wadda ta daɗe a ƙofar gida tayoyinta a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Tsohon Direba na zaune a ciki riƙe da tocila.

"Baba, lafiya? Ko fasinja kake kira?"

"Shigo ka ja ƙofa, sarkin surutu." Ya haska agogon motar da tocilar. "Idona ya tafi, Tela. Ina jin agogon nan yana tafiya, amma ban ga hannayensa ba. Allurar mai ma haka. In 'yata ta ji, gobe za ta kwashe ni zuwa benenta, inda ba abin kallo sai taga."

Tela ya karɓi tocilar ya sunkuya. Shi kansa sai da ya ƙanƙance ido. Hannayen da ya sani jajaye kamar barkono sun koɗe, sun saje da farar fuskar agogon.

"Baba, idonka ƙalau. Rana ce ta lashe fentin ta gilashi."

"Rana na cin fenti?"

"Ba ka ga yadin da nake ratayewa a bakin shago ba?"

Tsohon ya shafa kansa. "Ashe ita ta yi mini wannan furfurar. Ni ma a nan nake wuni."

Da safe Tela ya zo da sukundireba da kwalbar jan farcen matarsa, wadda ya ɗauko ba sallama. Ya cire gilashin, ya shafa wa alluran, ya koma kan agogo. Tsohon na cewa, "Ƙara, kada ka yi mini rowa." Shafi kan shafi, har dogon hannun ya yi nauyi. Daga ranar, in zai hau sama sai ya yi ta jan jiki, in ya juyo ƙasa kuwa sai ya zubo da gudu. Tela ya ce bari ya kankare.

"Ƙyale shi. Kaya ka ɗora masa, dole ya sa giya ɗaya a hawa."

Labari bai ɓuya ba. 'Yar ta iso da jakar kwasar kaya, ta tsaya a gefen mota.

"Baba, ƙarfe nawa?"

Ya duba ya faɗa da ƙarfinsa. Ta kalli wayarta, ta ga lokacin bai yi daidai ba, fuskarta ta canja. Tela ya gane aikin hannunsa ne zai kori tsohon daga gida.

"Yaya, don Allah leƙa ki gani da idonki."

Ta zura kai ta taga. Abin da uban ya faɗa, shi ne a agogon, ba ragi ba ƙari. Ta yi dariya har da hawaye.

"Baba, ai kai ka fi agogonka lafiya."

Ta koma da jakarta wayam.

Tsohon ya ƙara 'yan watanni a kujerarsa. Ya roƙi ƙyalle a wurin Tela, yana lulluɓe agogon in rana ta take, ya yaye in ta yi sanyi. Wata safiya Tela ya miƙa masa gaisuwa ta taga bai amsa ba. Yana jingine, hannu ɗaya a kan sitiyari, ƙyallen a ninke bisa cinyarsa.

Da aka dawo daga binne shi, maƙwabta suka zauna a jikin motar. Rana ta take, ta sauka a kan jajayen alluran. Dogon hannun na ta faman hawa. Ɗaya daga cikinsu, Mai Wanki, ya leƙa, ya ga ƙyallen a kan kujera.

"To yanzu wa zai riƙa rufe masa?"