Idirisa Ya Yi Takwara a Jiratawa

Hafizu ya daɗe yana aiki a butik ɗin Hajiya Balkisu da ke unguwar Zariya a Maraɗi, inda ake sayar da iri da taki da injinan ban-ruwa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya jure doguwar gaisuwa a waya. Manomi zai kira ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, kafin ya iso kan zancen irin albasa Hafizu ya riga ya ce, "To, sai an jima," ya kashe.

Da ƙorafi ya yi yawa, Hajiya ta sa aka ɗora wa salular butik manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke sauraren saƙon murya ta amsa da muryar namiji mai sanyi. Ta raɗa mata suna Idirisa, wai ba mai sayen taki a hannun wanda ba shi da suna.

"Kai ne shef ɗinshi, wato maigidanshi," ta ce wa Hafizu. "Ka riƙa sauraren abin da yake gaya ma mutane. Doka guda na sa aka ba shi: kada ya ce ma kiliya, mai sayen kayanmu, a'a."

Da farko Hafizu ya saurara. Amma da ya ji Idirisa yana tambayar wani mutum lafiyar awakinsa ɗaya bayan ɗaya, sai barci ya fara ɗibarsa. Daga nan ya bar su da halinsu.

Ana nan, wata safiya Hajiya ta kira shi buro, wato ofishinta, ta ajiye salular a kan tebur ta danna. Muryar wani tsoho ta fito, Baba Gado, manomin zogale daga Jiratawa.

"Idirisa ɗan albarka! Matar ɗana ta sauka, an samu namiji. Suna ran Lahadi. Ka taho, kada ka ba ni kunya."

Sai muryar Idirisa: "Barka da arziki, Baba! Allah ya raya. In Allah ya yarda zan zo."

Hajiya ta dubi Hafizu ta saman tabarau. "Da wace ƙafar zai je?"

Hafizu ya ja saƙonnin baya. Ashe tun kafin damina tsohon yake hira da Idirisa kullum: ciwon gwiwarsa, jakinsa da ya ƙi cin dusa, maƙwabcin da ke karkatar masa da ruwa. A wani wuri ma Idirisa ya faɗa masa gaskiya, ya ce, "Baba, ni fa na'ura ce." Tsohon ya amsa, "Haka ake son matashi, aiki kamar inji. Allah ya ƙara ƙarfi."

"Butik ɗina ba ya saɓa alkawari," in ji Hajiya. "Kai ne shef. Ka kai shi."

Ran Lahadi da sassafe Hafizu ya sa babbar riga, ya jefa Idirisa a aljihu, ya hau kabu-kabu. Yana sauka a ƙofar gidan suna, wani dogon tsoho mai sanda ya taso da hannuwa a buɗe.

"Idirisa!"

"Ina kwana, Baba," in ji Hafizu.

Tsohon ya ja da baya, ya ƙanƙance ido. "Wagga muryar na san ta. Kai ne mai kashe ma mutane waya. Ina Idirisa?"

Hafizu ya zaro salular ya ɗaga. Ya shiga bayani: ba mutum ba ne, ba aljani ba ne, abu ne da aka koya wa magana. Baba Gado ya jima yana kallon salular, yana shafa gemu. Hafizu ya fara neman hanyar gudu da ido.

"Ko mine ne shi, baƙona ne," in ji tsohon a ƙarshe. "A kawo matashin kai."

Aka jingina Idirisa a kan matashi kusa da liman, Hafizu kuwa aka nuna masa bakin tabarma. Aka raba goro da dabino, aka yi addu'a. Sai liman ya yi gyaran murya ya ce sunan yaro Idirisa. Ƙwallon dabino ya kusa wuce wa Hafizu maƙogwaro.

Nan take jama'a suka ce sai takwara ya yi magana. Hafizu ya danna, shiru. Babu rezo, wato sabis ɗin waya. Aka gwada tsakar gida, aka gwada bayan garke, har wani ya ce nan garin sai an hau sama ake samu. Haka Hafizu ya tattare babbar riga ya hau kan rumbun gero, ya ɗaga salula sama kamar mai neman wata.

Rezo ya kama. Idirisa ya yi wa jariri addu'a mai daɗi, har mata suka yi guɗa daga cikin gida. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya.

"Malam Idirisa!" wani ya ƙwala daga ƙasa. "Ƙanena zai yi aure a Tsibiri, za ka zo?"

"Da farin ciki," in ji Idirisa.

Wani kuma ya ce, "Rijiyata ta ƙahe, za ka zo ka duba?"

"Ba damuwa."

Na uku ya ce, "Ni da Ɗan'auta muna rigimar iyakar gona, ka zo ka raba mu!"

"A'a ya ce!" Hafizu ya yi ihu daga sama. Amma Idirisa ya riga shi da "In sha Allah," kuma kowa ya ji.

Aka kawo abinci kwano biyu, na baƙo da na ɗan rakiya. Tunda baƙo ba shi da baki, aka yanke cewa wakilinsa zai ci masa, aka miƙa su sama. Hafizu ya cinye shinkafar duka da ƙyar, a tsugune kan jinka. Baba Gado ya ɗaga kai.

"Idirisa, a ƙaro?"

Hafizu ya kai yatsa zai kashe, bai kai ba.

"Na gode, Baba, a ƙaro."

Da azahar sai da mutum biyu suka sauko da shi.

Washegari ya shiga buro yana dafe da ciki, ya ce shi fa sai an yi zama. Hajiya ta saurari labarin tana danne dariya da gefen mayafi. Suka gyara dokar: Idirisa zai tsaya kan zancen iri da taki da inji, zai faɗi a farkon kowace hira cewa shi ba mutum ba ne, kuma duk wata gayyata sai ya ce a tambayi Hafizu. Shi kuma Hafizu zai riƙa sauraren saƙonnin kowace yamma kafin a rufe, da awakin da komai.

"Alkawuran jiya fa?" ya tambaya a hankali.

"An riga an ɗauka," in ji Hajiya.

Ya je auren Tsibiri. Ya leƙa rijiya, ya tabbatar wa mai ita cewa lalle ta ƙafe. Ranar rabon iyaka kuwa, ya tsaya tsakiyar gona da salula a sama, rana na dukansa, rezo ya ƙi zuwa. Masu rigimar suka jira har suka gaji, suka koma inuwar itacen bedi guda, ɗaya ya miƙa wa ɗaya goro. Kafin la'asar sun shirya da kansu, suka kafa dutse, suka ce ya gaida Malam Idirisa da aiki.