Rigar Ruwa a Bangon Skrammel

A shekarar 1974 Gunvor Lindahl da Sixten Palm suka buɗe mujallar Skrammel a wani ɗaki da ke saman shagon gyaran keke a birnin Goteborg. Sixten shi ke rubutu, Gunvor ita ke ɗaukar hoto. Abin da ya haɗa su haushi ne: matasan garin na jin kunyar waƙa da harshensu, kowa sai ya maƙale murya ya rera da Turanci. Suka kafa doka cewa wanda bai rera da harshen gida ba, ba zai hau bangon mujallar ba. Shekara shida suna buga kwafi dubu biyu, rabi na dawowa.

A kakar 1980 Gunvor ta je tashar jiragen ruwa ɗaukar hoton wasu samari huɗu makaɗa. Ta yi awa biyu cikin ruwan sama ba su zo ba. Can sai ga Majken, yayar mai gangarsu, wadda ke aiki a kamfanin gwangwanin kifi, ta kawo saƙon cewa motarsu ta mutu a hanya. Tana sanye da rigar ruwan babanta, ruwan ɗorawa, har ƙauri.

"Ke ma kina waƙa?" in ji Gunvor.

"A banɗaki dai."

"Ya isa. Tsaya can, kar ki yi murmushi."

Da Sixten ya ga hoton sai ya dafe kai. "Mai fere kifi za mu sa a bango? Ko faifai ɗaya fa ba ta da shi!"

"To sa hoton ruwan sama. Jibi za a buga, kai ka sani."

Ya tafi gidansu Majken yana mita. Ta rera masa waƙoƙi uku da ta tsara a kan shugaban sashensu na kamfanin kifi, ya dawo ya rubuta shafi huɗu.

Fitowar ta ƙare cikin mako guda. Kafin sanyi ya shigo, shagunan kayan masunta sun rasa rigar ruwan da za su sayar wa masunta, domin 'yan makaranta sun kwashe. Ƙungiyoyin da a da ke raina harshen gida suka zauna suna sake kalmomin waƙoƙinsu. Majken ta yi faifai biyu, ta gaji, ta koma arewa ta zama ungozoma.

A 1996 wani kamfani daga birnin Stockholm ya nemi sayen mujallar. Gunvor ta ce a'a.

"Masu tallan man gashi za su riƙa ɗora mana a bango," in ji ta.

"'Ya'ya uku gare ni, Gunvor. Ke kyanwa gare ki," in ji Sixten.

Daga ƙarshe ta sa hannu aka sayar, ta kwashe kayanta, ta koma ɗaukar hoton bukukuwan aure da 'yan firamare. Shekara goma sha uku ba su yi magana ba.

Da kamfanin ya yanke shawarar rufe mujallar a 2009, Sixten ya buga mata waya.

"Tsohuwa, idonki na gani har yanzu?"

"Ya fi rubutunka. Me kake so?"

Bangon ƙarshe yake so. Ta je, ta jera ma'aikatan su goma sha ɗaya a kan matakala, yawancinsu mujallar ta girme su. Bayan an gama suka sha gahawa da burodin kirfa, ya ba ta labarin gwiwarsa, ya raka ta tashar taragon cikin gari.

Ba ta sayi fitowar ba. Bayan wata huɗu ta tarar da ita a ɗakin jira na likitan haƙori. Ta lura an datse hoton ta hagu, an cire kafaɗar wata yarinya. Tana cikin dubawa aka kira sunanta, ta ajiye ta shiga.