Iskar da ta Kama Sa'id

A gidanmu na Mai Wurno, garin Hausawa a ƙasar masu jin Larabci, akwai dokar da babu mai taka ta: duk wanda zai yi magana da mahaifiyata, Inna Asabe, da Hausa zai yi. Tana jin Larabci sarai, a kasuwa ma ta fi ni iya ciniki da shi, amma a gida sai ta toshe kunne. Jikokinta kuwa Larabci ya cinye musu baki, Hausarsu duk faci ce. Wannan doka ce ta kusa raba Sa'id da abin da ya fi so a duniya.

Sa'id ɗan marigayi yayana ne, Inna ce ta rene shi. Tun yana ƙarami bai san tafiya ba sai gudu, a aike shi gonar bakin kogi ya dawo shayi bai huce ba. Da ya girma ya shiga tseren dogon zango, har ƙungiyarsu ta Sinnar ta tura shi tsaunukan Habasha horon wata biyu, kafin babban tseren Sinja inda za a zaɓi masu zuwa gasar ƙasa. Shekara da shekaru yake jiran wannan dama, kuma an faɗa masa ba a ba mutum ita sau biyu.

Bai daɗe da isa ba ya bugo waya. Ya fara da Larabci, Inna ta ce, "Ban jiya ba." Dole ya koma lalubo Hausa, ban da Habboba da yake kiranta, wato kaka da Larabci.

"Habboba, lahiya lau nike. Bas iskar wurin ga ta kama ni. In na hwara gudu sai ta danne min ƙirji, kaina shi yi ta sara, ko barci ba ta bari in yi."

Yaron yana nufin iskar da ake shaƙa, wadda Larabawa ke kira hawa. Inna kuwa iska ɗaya ta sani mai zama a kan dutse, mai danne ƙirjin mutum ta hana shi barci, kuma ba ta shaƙa ba ce. Na yi mata bayani har bakina ya bushe. Ta ce, "Gambo, shi da bakinai ya hwaɗi." Sa'id ya sake bugowa ya ce ba aljani yake nufi ba, Inna ta ce da ma haka suke yi, in sun shiga mutum sai su sa shi musu.

Washegari ta ɗora min jarkar rubutu da ƙullin turare, ta ce in je in taho mata da jikanta. Ta ƙara da cewa in ya ƙi dawowa ba ta yafe ba. Na san Sa'id, ko a tsakiyar tsere aka faɗa masa wannan kalma zai tsaya ya cire takalmi.

Ni a raina ban yarda da aljanin ba, amma batun hawar ma ban yarda da shi ba. Iska ai ko'ina iska ce. Na ɗauka yaro ne ya ga aiki ya fara neman hanyar gida, kuma na yi niyyar in wanke shi tas in na isa, don ni mutum ne da ke ninƙaya ya ƙetare kogin nan ya dawo bai huta ba.

Na bi ta Gadarif da Gallabat, daga nan mota ta kama hawa kamar ba za ta daina ba, har muka wuce Gondar. Inda aka sauke ni, sansanin 'yan tseren yana ɗan sama kaɗan, ina hango rufinsa. Na saɓa jarka na kama hanya da ƙarfina. Ban yi nisa ba zuciyata ta fara duka, na buɗe baki ina jan numfashi amma kamar ba ya shiga. Na nemi dutse na zauna. Ina nan zaune wata tsohuwa, wadda na rantse ta girmi Inna, ta zo ta wuce ni da damin itace a baya, tana hira da abokiyar tafiyarta har da dariya. Ta dube ni ta ce wani abu da yarensu mai kama da sannu. Wannan sannu ta yi min ciwo ƙwarai.

Sa'id ne ya sauko ya karɓi jarkar. Ya rame, leɓensa ya tsattsage, da ya ga ƙullin turaren kuma sai idonsa ya ciko, don ya gane saƙon.

Mai horar da su, Abdussalami, haifaffen dutsen ne, amma ya yi shekaru yana yankan riɗi a Gadarif, shi ya sa Larabcinsa ya nuna. Ya ba ni shayi ya bari na dawo hayyacina, sannan ya yi min bayani. Ya ce iskar sama ba ta da kauri, abin da jini ke nema a cikinta kaɗan ne a kowace shaƙa. Su da aka haifa a nan, tun suna goye ƙirjinsu ke buɗewa, huhunsu ya tashi da faɗi, ya saba tatsar abin da ke cikin iskar. Ya ce mu mutanen kwari huhunmu ya riga ya tsaya inda ya tsaya, amma jiki ba ya zama haka nan, in an ba shi makonni sai ya ƙara jini ya koyi jan numfashi mai zurfi, ranar da mutum ya sauka ƙasa kuma sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

"In ka tafi da shi yanzu," in ji shi, "ya sha wahalar ke nan ya bar amfanin a nan."

Da safe bayan sun dawo gudu na hau wani tudu inda waya ke kamawa, Sa'id na bina. Inna ta ɗauka, ta ji yadda nake haki.

"Kai ma ta kama ka ke nan," ta ce.

"Inna, saurara. Kin san kunun da anka tsinka da ruwa? Sai mutum ya sha kwano biyu kahin shi ji ya sha guda. To hawar wurin ga haka take. Mutanen nan da babban kwano anka haihe su. Sa'id nashi ƙarami na, amma cikinai na koyo."

Inna ba ta san huhu ba, amma ta ciyar da gida a shekarun fari, ta san tsararon kunu.

"Yunwa ta ke nan, ba mutanen ɓoye ba?"

"Yunwar numhwashi."

"Ba ni shi. Shi karanta min Ayatul Kursiyyu, yanzu da abin ke kanai. In akwai wani cikin jikinai, ba ya bari shi kai ƙarshe."

Sa'id ya karɓi wayar, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Ya fara. Kalma uku sai ya tsaya ya ja iska, ya ci gaba, ya sake tsayawa. A tsakiya tari ya sarƙe shi, na kuwa san in ya yanke a nan gobe muna mota. Ya dafa gwiwa, ya haɗiye, ya ɗora daga inda ya tsaya, a hankali, har ya dire ayar.

"Karatu ya hita," in ji Inna. "Shi zamna. Amma rubutun ga shi shanye shi duka, ba a maido min."

Ya shanye kuwa, ni kuma na gangaro gida ina gode wa Allah da iskar Mai Wurno.

Ranar tseren Sinja rana ta buɗe sosai. Inna ta ce sai ta je, muka sa ta a gaban mota, muka shimfiɗa mata darduma ƙarƙashin dalbejiya kusa da inda ake ƙarewa. Da suka wuce mu a zagayen farko Sa'id yana tsakiyar tarin 'yan tseren, ni har na fara jin haushin Abdussalami. A zagaye na gaba tarin ya tsinke, ya matso cikin na gaba. Da suka ɓullo daga bakin kogi a karo na ƙarshe, su biyu ne kawai, shi da wani dogo ɗan Damazin da kowa ya ce shi zai ci. Dogon bakinsa a wangame, kansa na rangaji. Sa'id kuwa kafaɗarsa a sake, kamar an aike shi gona. Ya dubi dogon sau ɗaya, ya ƙara wuta, ya bar shi a nan.

Ban san lokacin da rawanina ya faɗi ba. Na yi ihu har muryata ta dushe, na rungume wani mutum da ban taɓa gani ba, na yi kuka a gaban jama'a, kuma ko yau ban ji kunyar haka ba.

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta tashi da sandarta ta ratsa samarin da suka kewaye shi, aka buɗa mata hanya. Sa'id ya durƙusa. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa ta bar shi a nan, tana jin yadda yake hawa yana sauka a natse, bayan duk wannan gudu. Ta daɗe a haka, hawaye na bin kumatunta.

Sannan ta ce, "Yaushe za ka koma dutsen?"