Albasar Yaya Hafizu

Tun da 'yan bindiga suka tare motar Yaya Hafizu a hanyar Shinkafi, Inna ta hana shi tuƙi. Yanzu albasa yake sayarwa a kasuwar Kaura, ni ke kai mishi abinci.

Jiya na iske shi yana kallon motoci, ƙafarshi na danna ƙasa kamar totur.

"Yaya, ga abinci."

"Nusaiba, na gaji da zama wuri guda kamar buhun nan." Ya goge ido, wai yajin albasa ne. "Tsohon maigidana ya ba ni mota, gobe zan yi lodin Shinkafi. Ke za ki gaya ma Inna."

Da zan koma gida, doguwar hanya na bi, don kada in yi saurin isa wurin Inna.