Rawar Hannun Hambali Wanzami

Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, kowa a Fagge murna yake, ban da Hambali wanzami. Shi dai sun tafi, amma sun bar masa tsaraba a hannun dama.

Wata rana ce ayarin wani babban soja ya biyo titi da jiniya, Hambali yana kan keke bai kauce da wuri ba. Suka sauke shi, suka zane shi da bulala, suka sa shi tsallen kwaɗo a gaban jama'a, dattijo da furfurarsa. Tabon bulala ya warke. Amma tun daga ranar, da ya ji jiniya, ko ta motar asibiti ce, sai hannunsa ya kama kyarma. Wanzami kuwa da rawar hannu, ai magana ta ƙare. Ranar da ya yanki kunnen wani mai shayi, kafin magariba labari ya kai har unguwar Kwaciri.

To, mutanenmu ba sa ganin abu su bar shi ba fassara. Aka lura kullum bayan la'asar Hambali yana tura kekensa Sabon Gari. Ga rawar hannu, ga zuwa Sabon Gari, shi ke nan aka haɗa aka ce giya ce. Mutumin da ko sigari bai taɓa sawa a baki ba.

Alhali wurin Innocent yake zuwa, wani Ibo mai gyaran agogo haifaffen Kano, wanda Hausa ta zauna a bakinsa daram. Shi ya fara ganin hannun, ranar da Hambali ya kai masa gyara.

"Malam Hambali, ni ma na yi wannan bayan an ƙone mana rumfa," in ji Innocent. "Kada ka yi kokawa da hannun, ƙara tsorata shi kake. Dasa ƙafafunka a ƙasa ka ji su. Ja numfashi har ciki ya cika, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa daɗewa. Sannan ka kasa kunne ga abin da ke gabanka yanzu. Sojan nan ba ya rumfar nan."

Sai ya ba shi hantsaki da ƙananan kusoshin agogo, ya ce ya yi ta tsinta. Haka suka yi watanni, wata rana a dace, wata rana kusoshi su watse a ƙasa su yi ta lalube.

Ana nan sai 'yar Hambali ta haifi namiji. Ana jibi suna, Baba Goni, shugaban wanzaman unguwa, ya zo har ƙofar gida.

"Hambali, ka kawo zabirarka in ajiye," ya ce. "Jariri ba kan mai shayi ba ne. Ni zan yi askin."

Zabirar nan, jakar fata ce da asakensa da ƙahonninsa ke ciki, ta mahaifinsa ce. In ta bar hannunsa yau, ya san ba mai sake ba shi kai a Fagge. Ransa ya ɓaci sosai.

"Baba Goni, soja ya dake ni na yi shiru, don bindiga gare shi. Kai ba ka da ita. Jikana ni zan aske shi, uwarsa ta yarda. Ka zo ka tsaya a kaina, in ka ga ɗigon jini, ɗauki zabirar ka tafi."

Ranar suna da hantsi zaure ya cika, rabin mutanen ba taya murna ce ta kawo su ba. Ungozoma ta fito da jaririn ta zauna. Hambali ya jiƙa kan da ruwan ɗumi da sabulu, ya yi bisimilla, ya fara daga goshi. Baba Goni na tsaye a bayansa.

Ya kai tsakiyar kai, daidai maɗiga, wurin nan mai taushi da ke motsi, sai ga jiniya daga titi. Sababbin masu mulki ne, sun canza kaki da babbar riga amma ba su bar jiniyar ba.

Hannun ya kama. Hambali ya ɗaga askar daga kan yaron, bai ɓoye ba, ya bar ta a sama tana rawa kowa yana gani. Tsoro ya ji, tsoro na gaske.

"Ba ni," in ji Baba Goni, ya miƙo hannu.

"A'a. Hannuna ne, na san shi. Ku jira."

Ya danna tafin ƙafarsa a kan tabarma har ya ji saƙarta. Ya ja numfashi, ya sake shi a hankali. Ya ji ƙamshin sabulu, ya ji sanyin ruwa a yatsunsa. Ya zuba wa maɗigar jikansa ido tana ɗagawa tana sauka, ya bi ta da numfashinsa. Wani ya yi tari, wani ya yi ƙus-ƙus, bai waiwaya ba. Jiniya ta yi nisa. Kyarmar ta ragu, ta ragu, ta tsaya.

Ya mayar da aska kan yaron. Ya bi kan nan a natse har ƙeya, ya goge da tsumma, ungozoma ta juya yaron ga jama'a. Kai tas, ko ƙwarzane babu.

Da ya juya zai mayar da aska zabira, sai ya ga Baba Goni bai janye hannun da ya miƙo ba. Hannun kyarma yake yi. Tsohon ya yi maza ya cusa shi cikin riga.

Hambali ya rataya zabirarsa, ya matso ya rage murya.

"Kai ma sojojin sun taɓa ka ke nan."

Baba Goni ya kawar da kai.

Hambali ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji. "Yau ma bayan la'asar Sabon Gari za ni, mai magana ya yi maganarsa." Sannan ya dubi tsohon. "Kekena yana ɗaukar mutum biyu."