Sunan Ɗan Fari

Da na bar aikin jinya na koma karatun ba da shawara kan damuwar zuciya, babu tsiyar da ba a yi mini ba a gida. Yayana Falalu cewa yake, "Wato Safina kin ajiye allura kin koma hira, kuma wai aiki ne?" Ni kaina wani lokacin nakan zauna a ɗan ofishina na asibiti a Dutse in ce anya kuwa.

Ana haka aka kawo mini Inna Gaji daga wani ƙauye a bayan Jahun. 'Yarta Kubura ce ta riƙo ta, don da ƙyar take tsayuwa. Tun da babban ɗanta ya rasu a hatsarin babur ta daina cin abinci. Likitoci sun yi aune-aunensu ba su ga komai ba, suka ce in ta ci gaba a haka ba za ta kai kaka ba.

"Inna, yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sauƙin me! Mace ta koma ƙashi da fata, zani ma zamewa yake daga ƙugunta.

Kubura ta ce, "Wallahi har yaba ta ake. Ranar jana'iza ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce a yi koyi da haƙurin Inna."

Raina ya ɓaci. Suna kallo tana ƙarewa, su kuma yabo suke. Na ce wa Kubura ta jira mu a waje.

Zuwan farko gaisuwa kawai na samu. A zuwa na gaba ta soma ba ni labarinsa, amma daga "wancan yaron" sai "shi ɗin". Ban yi mamaki ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Mahaifiyata ma har gobe "wancan" take ce wa Falalu.

Na ce, "Inna, ranar da abin ya faru, kun gaisa?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ya gaishe ni ya fita, bai karya ba. Na dama koko, na hango shi ya kai bakin zaure. Na ce, 'Kai!' Sai ƙaninsa ya amsa. Kafin in ce ba da kai nake ba, ya tayar da babur." Ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, da sunansa na kira, da ya juyo. Da ya tsaya ya sha, da motar da ta buge shi ta wuce. To da wane bakin zan ci abinci?"

Tausayinta ya kama ni. "Ki yi haƙuri" ta zo mini bakin leɓe, na haɗiye ta. Ta ji ta har ta gaji. Maganar ajali kuwa ta fi ni saninta.

Na tashi na tura ƙofa. Na ce, "Inna, babu kowa a nan sai ni, ni kuwa zancen ɗakin nan ba ya fita. Ga shi can a bakin zaure. Kira shi."

"Haba, 'yar nan!"

"Kira shi, Inna."

Ta dubi ƙofar. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Can, a hankali, kamar mai koyon magana, ta ce, "Misbahu."

Ta sake, da ƙarfi wannan karon. "Misbahu! Dawo ka sha koko!"

Sai kuka ya ɓalle, irin wanda ya kamata a ji tun ranar jana'iza. Kubura ta leƙo a firgice, na ɗaga mata hannu ta koma. Na riƙe hannun Inna, nawa hawayen ma zuba suke.

Da ta lafa, ta share fuska da mayafi, ta ce, "Ashe haka sunan yake da daɗi a baki."

Sannan ta juya wajen ƙofa. "Kubura! A nan garin ana sayar da koko?"